Daga Kars zuwa kufan Ani: garin da ya sha canjin iyayen gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. In kun ji muryata tana rawa ku yi haƙuri, sanyi ne. Ina Kars, can ƙuryar arewa maso gabashin Turkiyya, dab da iyakar Armeniya. Garin yana bisa tudu, sama da mita 1,700 daga doron teku, kuma duk abin da kuke gani fari a bayana dusar ƙanƙara ce. Daren jiya jirgin ƙasan nan da ake kira Dogu Ekspresi ya sauke mu daga Ankara, bayan mun kwana mun wuni a cikinsa. Har yanzu in na tsaya cik sai in ji kamar ƙasa tana tafiya da ni.

Na shiga wani ayari ne na masu yawon ganin tarihi, mu goma sha wani abu, ni kaɗai ne baƙar fata. Jagoranmu dattijo ne, tsohon malamin makaranta, don haka kowa "Hojam" yake ce masa, wato malamina. Shi kuma "kardeshim" yake ce mini, ƙanena. Abin da ya fara gaya mana da safen nan shi ne, a garin nan in mun zo gini mu fara kallon dutsen, daga baya mu karanta allon da aka kafa a gabansa. Ban gane nufinsa ba a lokacin.

Bari in juya kyamara ku ga titin nan. Kun ga yadda ya miƙe ɗoɗar, wani ya gitta shi, wani ya sake gitta wancan, kamar an ja da rula? Wanda ya san tsofaffin garuruwan Turkiyya ya san lungu-lungu ne, ka shiga nan ka ɓulla can. Wannan kam aikin Rashawa ne. Bayan yaƙin 1877 zuwa 1878, Daular Usmaniyya ta sha kashi, aka miƙa Kars da Ardahan da Batum ga Sarkin Rasha. Kafin a cika mini waya da gyara: Usmaniyyar Turkawa nake nufi, ta Santambul, ba ta Shehu ba. Shekara 40 Rashawa suka yi a nan, kuma ba zaman baƙunta suka yi ba. Gidajen nan na baƙin dutse masu dogayen tagogi su suka gina su, layin dogo ma su suka jawo shi har nan a 1899. Mun shiga ɗaya daga cikin gidajen, Hojam ya nuna mana wani murhu da aka gina a jikin bango tun daga ƙasa har sama, "pec" suke ce masa. A hura wuta sau ɗaya, bangon ya riƙe zafi, ɗakuna biyu su kwana da ɗumi. Wallahi sai da aka janye ni daga jikinsa.

To ga masallacin Fethiye. Ku dubi hasumiyoyin nan biyu, sannan ku dubi jikin ginin. Kun ga ba ɗinkin tela ɗaya ba ne? Cocin sojojin Rasha ne tun asali, sunansa Aleksanda Nebski. Da suka tafi ya daɗe ana wasu hidimomi a ciki, sai a 1985 aka mai da shi masallaci. Nan na yi azahar. Ina cikin sahu ina ta ƙoƙarin tattara hankalina, don zuciya sai raya mini take yi cewa maginin wurin nan bai taɓa tunanin alƙibla ba ko sau ɗaya.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan da ke gindin dutse, masallacin Kumbet. Zan matso da hoton sama, ƙarƙashin ƙubbar. Kun ga siffofin mutane da aka sassaƙa a jikin dutsen, a jere sun zagaye ta? Su 12 ne, Hawariyawan Annabi Isa. Wani sarkin Armeniyawa mai suna Abas ne ya gina shi tun wajen shekarun 930, sunansa Cocin Manzanni. Ya zama masallaci a zamanin Turkawa, Rashawa suka zo suka mai da shi coci, aka yi lokacin da gidan ajiye kayan tarihi ne, yau kuma ana kiran salla a cikinsa. Su kuwa mutanen nan 12 suna nan inda aka bar su fiye da shekara dubu, kowa ya zo ya yi zamaninsa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Yanzu na fahimci maganar Hojam.

Ganuwar da ke saman dutsen can ban hau ba, santsi ya yi yawa, kuma ban zo Kars don in karye ba. A taƙaice, Taimur ya rushe ta a 1386, Lala Mustafa Pasha ya sake gina ta a 1579 zamanin Sarki Murad na Uku, saboda Farisa na nan gabas tana harara. A 1855 ma Rashawa sun yi wa garin ƙawanya wata da watanni, har yunwa ta sa aka miƙa wuya, kuma wanda ya jagoranci tsaron garin wani janar ne Bature ɗan Birtaniya, Williams. Ku ji fa: Ingila tana kare garin Turkawa daga Rasha. Ba don Allah ba ne, hanyar Indiya take tsaro.

Da dare an kai mu cin abinci. Gasasshiyar dinya suka kawo bisa dafaffiyar alkama, sai cuku iri-iri. Akwai wani mai ramuka da suke kira "gravyer", ƙaton gaske kamar tayar mota. Shi ma baƙo ne da ya zama ɗan gari: masu yin cuku daga Suwizalan ne suka kawo sana'ar a zamanin Rashawa, ƙauyen Bogatepe ya riƙe ta har yau. Bayan an ci sai ga mawaƙa biyu da "saz", abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya kamar molo, suna yi wa juna habaici a waƙe, nan take ba shiri. Ɗayan ya tsaida allura tsakanin leɓɓansa. Dokar wasan ita ce kada ka furta harafin da ke haɗa leɓe, irin su b da m da p. Ka kuskure, allura ta hukunta ka. Turkancina bai kai in kama rabin abin da suke faɗa ba, amma na yi dariya tare da kowa.

To jama'a, gari ya waye, mun yi tafiyar kilomita 45 gabas da Kars. Ga abin da ya kawo ni.

Wannan ita ce ganuwar Ani, wannan kuma Ƙofar Zaki, ga siffar zakin can a jikin bango. Daga waje sai ka rantse kana shiga za ka tarar da kasuwa tana ci. Ku biyo ni. Kun gani? Fili fetal. Iska, ƙanƙara, sai gine-gine jajaye jefi-jefi, wannan can, wancan can, kamar haƙoran tsohuwa. Kufai ne, amma ban taɓa tsayawa a kufai mai girman wannan ba.

A 961 Sarki Ashot na Uku ya mai da Ani babban birnin daular Armeniyawa ta gidan Bagratuni. Tana kan hanyar fatake masu safarar alharini tsakanin gabas da yamma, kuɗi ya shigo, aka yi ta gini har ana yi mata kirari da birni mai coci dubu da ɗaya. Kirari ne, kada wani ya zo da ƙirga. Daga nan sai ku riƙe lissafi in za ku iya. Rumawan Kustantiniya suka karɓe ta a 1045, da dabara fiye da takobi. Ba su cika shekara 20 ba Sarkin Turkawa Saljuƙawa Alp Arslan ya ci garin a 1064, shekara bakwai kafin ya kama Sarkin Rum da kansa a yaƙin Manzikart. Saljuƙawa suka bar ta a hannun wani gidan sarautar Kurdawa, Shaddadawa. Jojiya ta karɓa a zamanin Sarauniya Tamar. Mongolawa suka afka mata a shekarun 1230. Duniya rawar 'yan mata. Amma Hojam ya nace cewa ba yaƙi kaɗai ya kashe Ani ba. Girgizar ƙasa ta 1319 ta yi mata illa, sannan fatake suka canza hanya. Garin da ciniki ya gina, in ayari ya daina yada zango a cikinsa, mutane da kansu za su yi ta sulalewa, gida-gida, ba tare da an kore su ba. Ni dai na fi gamsuwa da wannan bayanin, don garuruwa da yawa an ƙone su sun sake tashi.

Ku shigo nan. Babban cocin Ani ke nan, an fara shi a 989, aka gama wajen 1001. Ku ɗaga ido: inda kuke ganin sararin sama, nan ƙubba take kafin girgizar ƙasar ta kayar da ita. Maginin sunansa Tirdat, kuma ga abin da ya ba ni mamaki. Duk wanda ya je Santambul ya san Aya Sofiya, tsohon cocin nan da ya zama masallaci. To a 989 girgizar ƙasa ta fasa ƙubbarta, kuma wannan mutumin ɗan Armeniya shi aka ɗauko ya gyara ta. Na yi salla a ƙarƙashin aikinsa ban san adadi ba, ban taɓa jin sunansa ba sai yau. Shi ma cocin nan da Alp Arslan ya ci gari masallaci aka mai da shi, aka sa masa suna Fethiye, wato na nasara. Suna ɗaya da na jiya, tsakaninsu shekara ɗari tara da wani abu.

Gangaren nan yana kaiwa ga cocin da wani attajirin ɗan kasuwa, Tigran Honents, ya gina a 1215. Cikinsa zane ne tun daga ƙasa har rufi, shuɗin bai gama kodewa ba. Sai dai an ƙwaƙule fuskoki da yawa, wasu kuma sun kankare sunayensu da na 'yan matansu a kan zanen. Wannan kam ya ɓata mini rai. Abin da ya tsira daga Mongolawa, ya zo ya gamu da saurayi mai makulli a hannu.

Yanzu ina cikin masallacin Manucehr, na zamanin Shaddadawa, wanda Turkawa ke lissafawa cikin mafi daɗewar masallatan Anadolu, wato ɓangaren Turkiyya na Asiya. A jikin hasumiyarsa mai kusurwa takwas akwai Bismillah da rubutun Kufi. Amma ku zo ku leƙa ta tagar nan. Kwazazzabo ne mai zurfi, ruwan da ke ƙasa Turkawa na ce masa Arpacay, Armeniyawa na ce masa Akhuriyan. Kun ga ƙafafun gada, ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan, tsakiyar babu? Ta nan ayari ke hayewa da. Tsallaken can Armeniya ce. Da zan ɗaga murya na yi sallama, wanda ke can zai iya amsawa.

Wannan iyakar yarjejeniyar Kars ta watan Oktoba 1921 ce ta tabbatar da ita, tsakanin gwamnatin Ankara da jamhuriyoyin Sobiyet na yankin, bayan Janar Kazim Karabekir ya karɓi Kars a ƙarshen Oktoban 1920. Kogin ya zama iyaka, Ani ta faɗo ɓangaren Turkiyya. Tun 1993 kuma iyakar a rufe take saboda yaƙin Karabak tsakanin Armeniya da Azarbaijan, har jirgin ƙasan da ke zuwa garin Gyumri na Armeniya ya tsaya. Don haka ɗan Armeniya da ke son taka birnin kakanninsa sai ya zagaya ta Jojiya, tafiyar yini guda, alhali yana hango shi daga tudun ƙasarsa. Mu da muka san yadda iyaka ke raba ɗan'uwa da ɗan'uwa ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai wata dattijuwa a ayarinmu da ta zo daga Faransa. Tun jiya ba ta cika magana ba. A jikin bangon babban cocin na ga ta sa yatsa tana bin rubutun Armeniyanci harafi-harafi, bakinta yana motsi. Ban ɗauke ta ba, bai dace ba. Wani matashi a cikinmu ya tambayi Hojam kai tsaye ina mutanen da suka yi wannan rubutun suka tafi. Kowa ya san inda tambayar ta dosa: abin da ya faru da Armeniyawan Daular Usmaniyya daga 1915, wanda Armeniya da ƙasashe da dama ke kira kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuma ba ta yarda da wannan sunan ba. Hojam ya yi shiru kaɗan. Ya ce yankin nan ya binne mutane da yawa, ya ambaci dubun-dubatar sojojin Turkawa da sanyi ya kashe a Sarikamish a hunturun 1914 zuwa 1915, sannan ya ce Armeniyawan Kars sun ƙaura tsallaken kogi da iyaka ta motsa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma ban ji ya amsa tambayar ba, kuma ina jin shi ma ya sani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ga mai ita a tsaye a bayanmu, ba wanda ya ce ta yi. Ni ma ban ce ba.

UNESCO ta sa Ani cikin jerin kayan tarihin duniya a 2016, shi ya sa kuke ganin ƙarafan gyara a jikin wasu gine-ginen, har da cocin can da aradu ta tsaga gida biyu, rabi a tsaye, rabi a ƙasa.

Kai, tsaya. Jama'a ku ga wayata. Yanzun nan ta ce ƙarfe uku, alhali motarmu ƙarfe biyu da rabi aka ce za ta tashi. Gabana ya faɗi, na ɗauka an tafi an bar ni a kufai. Ashe layin wayar Armeniya ta kamo daga tsallake, su kuma suna gaban Turkiyya da awa ɗaya. Har saƙon barka da zuwa sun turo mini. Ga Hojam can yana ɗaga mini hannu daga Ƙofar Zaki, batirin ma sanyi ya kusa cinye shi, yatsuna ba na jin su. Bari in ruga, sai mun haɗu a mota.