Baban bene na sama da shafi na 200

Jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, a baranda nake, kuma sanyin Hamburg ba ya jin bari. Ƙaramin abu ne ya sa na kunna kyamara yau, amma tun jiya yake ba ni dariya.

Akwai wani dattijo Bajamushe a benen da ke samana, ya haura tamanin. Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Jiya bayan magariba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da rimot biyu, fuska a murtuke kamar an aiko masa da rasuwa. Wai tun da aka kawo masa sabon akwatin kebul, Videotext ɗinsa ya mutu. Ni wallahi na ɗauka sunan wata tasha ce, ashe shafukan labarai ne a rubuce da ake buɗewa a allon talabijin. Na bi shi sama. Yana ta danna wani maɓalli a tsohon rimot ɗin talabijin, wanda yatsa ya cinye rubutunsa saboda dannawa, allo ko motsi.

Kun san ni da shisshigi a harkar waya da wayoyi, tun ina gyaran dish a unguwarmu. Na leƙa bayan talabijin ɗin, na ga da wayar HDMI aka haɗa. Na ɗauki rimot ɗin akwatin, na lalubo inda aka rubuta TXT, na danna. Sai ga baƙin allo, rubutu rawaya da fari da shuɗi, haruffa masu kusurwa kamar na wayar Nokia mai tocila. Baba ya dafa kafaɗata, ya danna biyu, sifili, sifili. Shafin wasanni na tashar talabijin ta ARD. Ya zauna yana karanta labarin HSV, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Hamburg da ta sa shi baƙin ciki a 2018 da ta faɗa rukuni na biyu. Ya manta ma ina tsaye.

To ni abin da ya ɗaure mini kai, wannan fa Jamus ce, ƙasar Mercedes. Mutum da intanet a gidansa, amma abin da tashoshin ARD da ZDF suka fara a 1980 shi yake karantawa kullum. Na dawo ɗaki na yi ta tone-tone har dare ya raba.

Ashe dabarar tsohuwa ce. A zamanin analog, tsakanin hoto da hoto akwai wasu layuka da babu komai a cikinsu, ido ba ya ganinsu. Nan injiniyoyi suka cusa rubutu, kamar mai ɗora ƙunshin daddawa a motar da dama za ta tafi. Shafuka daga 100 zuwa 899, kowane layi harafi 40 kacal. Shafukan zagayawa suke yi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa a da in ka danna lamba sai ka jira naka ya iso, kamar layin famfo. Da aka koma dijital waɗannan layukan sun tafi, amma ba a zubar da rubutun ba, aka ba shi tasa hanyar a cikin siginar. Matsalar Baba ita ce tsohuwar waya mai faɗin kai, SCART, tana iya miƙa wa talabijin rubutun ya buɗe da kansa, HDMI kuwa hoto da murya take kaiwa. Dole akwatin ne zai buɗe. Shi ke nan fa. Wanda ya zo ya haɗa masa bai tsaya ya gaya masa ba, ya karɓi sa hannu ya yi gaba.

Ingila da suka ƙirƙiro abin, su suka binne nasu. Ceefax na BBC ya fara a 1974, aka kashe shi ranar 23 ga Oktoba 2012, daren da aka rufe analog a Ireland ta Arewa. Wani abokina a Manchester yana ta yi mini kurin ai su sun wuce nan. Na ce masa ku kun yar, mu muna da shi. Holan ma haka, Teletekst na tasharsu NOS yana nan, shafi na 101 har a waya suke buɗe shi. Kun ga kenan ba dijital ɗin ne ya kashe ba, masu tashar ne ke yanke hukunci.

Kuma na fahimci Baba. Labari layi biyar, an gama. Babu mai ce maka ka danna ƙararrawa, kamar yadda ni zan ce muku anjima. Sai ya tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, da rediyonsa mai jakar fata. Mun saya masa babbar waya, ya ajiye ta ƙarƙashin filo, lokacin labarai na yi sai ya murɗo sashen Hausa na DW ko BBC. Na jima zaune shiru da na tuna.

Af, ga wani amfani ga masu koyon Jamusanci. Shafi na 150 a ARD, 777 a ZDF, suna rubuto abin da ake faɗa a ƙasan allo. Shekara nawa ina nan ban sani ba, alhali duk wata ina biyan Yuro 18.36 na kuɗin rediyo da talabijin, ko ka kalla ko kar ka kalla, gida dai sai ya biya. Sabbin zuwa, wasiƙar kuɗin nan in ta zo kada ku cusa ta a durowa, ni na gwada, taruwa take yi. Kuma in za ku sayi akwati na hannu a kasuwar gwanjo, ku duba rimot ɗin da kyau. In babu TXT ku ajiye musu kayansu. Jan maɓallin nan na sabbin talabijin wani abu ne daban, shi sai da intanet.

Da safen nan na tarar da kek a ƙofata, an rufe da faranti. Na hau na ce, Baba, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Bai ko juyo ba, yana shafin yanayi. Ya ɗaga mini hannu kawai, wai in sa rigar ruwa in zan fita.