Ku zo ku ga murjanin da nake kiwo a falona

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Hambug a Jamus. Bari in kashe wutar falo in bar shuɗiyar fitilar tankin kawai, don a ita ne kalar murjanin take fitowa sosai. Kun gani ko? Wannan koren da ke ta rausaya a jikin dutse, da safe a rufe yake ruf, sai fitila ta kama yake buɗewa a hankali.

Ana yawan tambayata wai fulawa ce ko roba, wallahi dabba ce mai rai, ƙananan halittu ne jingim a wuri ɗaya kowacce da bakinta, kuma cikin naman jikinsu akwai wani gansakuka ɗan mitsitsi da ke haɗa musu abinci da haske, shi ya sa ba na wasa da lokacin kunna fitilar nan.

Ruwan famfo kai tsaye ba ya shiga tankin nan, sai na tace shi da injin tace ruwa da ake kira RO, in dama gishirin teku na musamman har awon gishirin ruwan ya kai 1.025, zafinsa kuma digiri 25 zuwa 26. Da sanyi hita ke aiki, ba matsala. Lokacin zafi ne hankalina ke tashi don gidajen nan ba AC, in ruwa ya yi zafi ya daɗe a haka sai murjanin ya kori gansakukan nan ya koma fari fat, yunwa ta kama shi, irin abin da ya faru da Great Barrier Reef, wato babban tarin murjanin da ke tekun Ostareliya, a 2016 da 2017 ke nan. Kun ga 'yar fankar can a bakin tanki, aikinta kenan, sanyaya ruwan.

Na can sama mai rassa shi ne Acropora, sarkin shagwaɓa. Awon kalsiyam a ruwa wajen 420 yake so, KH (wato awon sinadarin kabonet a ruwa) kamar 8, kuma ya tsani canji, yau ka ƙara wannan gobe ka rage wancan, sai ka wayi gari naman ya fara saɓulewa daga ƙashin. Sabon shiga don Allah ya fara da masu laushi irin zoa, waɗannan masu zagaye ruwan lemu. Amma fa a sa safar hannu da tabarau, wasunsu na ɗauke da guba mai tsanani, kada a taɓa su da hannu mai ciwo.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan karya reshe ɗaya in manna shi da gam a ɗan dutse, ku ga yadda ake dashensa.