Ashe a ƙeya ake gani

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Argungu da kewaye. Yanzun nan na fito daga cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, a nan Landan, kunnuwana ba su daina ƙugi ba, amma mamakin da ya kama ni ya fi ƙarar na'urar ƙarfi. Lafiyata ƙalau, kada wani ya je ya tayar wa Inna da hankali. Masu bincike ne suke neman wanda za su ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, na miƙa kaina, suka ba ni fam 20 na mota, rabinsa kuwa jirgin ƙasa ya cinye.

Da aka gama, wata malama cikin masu binciken ta juyo mini da allon kwamfuta, sai na ga zaruruwa masu launi kamar an shiga rumfar masaƙi. Ta sa yatsa ta bi hanyar da gani yake bi a cikin kaina. Daga bayan kowane ido jijiya ta fito ɗauke da zare fiye da miliyan ɗaya, jijiyoyin biyu suka haɗu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kusan rabin zaren kowacce ya tsallaka ɗaya ɓangaren, suka yada zango a tsakiya, sannan suka baje kamar mafici har ƙeya. Ashe duk shekarun da na yi ina kallon masunta suna rugawa cikin kogin Matan Fada, ido ɗan aike ne kawai, a ƙeyata ake yin kallon.

Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar ba zaren take gani ba, ruwa take bi. Ƙwayoyin ruwan da ke jikinmu ba sa zama wuri ɗaya, kuma a cikin jijiya sun fi samun sauƙin tafiya ta tsawo a kan ta faɗi, kamar yadda ruwa yake bin hanyar da manomi ya haƙa masa a fadamar shinkafa. Na'urar tana auna wannan motsi ta fuskoki da dama, kwamfuta ta harhaɗa taswira: launin ja zaren da ya bi hagu zuwa dama, kore gaba zuwa baya, shuɗi sama zuwa ƙasa. Peter Basser da abokan aikinsa ne suka fito da wannan lissafi a Amurka a 1994. Inda zaruruwa suka gitta juna yakan rikice, don haka ƙiyasi ne, ba hoto ba.

Amfaninsa ya taɓa min zuciya saboda kawuna da ya sha fama da farfaɗiya. Wani sashe na zaren gani yakan lanƙwaso gaba ta wajen saitin kunne kafin ya koma ƙeya, daidai inda likitoci suke yanka idan magani ya gaza, kuma nisan lanƙwasar ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Idan wuƙa ta taɓa shi, mutum zai rasa ganin kusurwar sama ta ɗaya gefen, shi ya sa ake zana taswirar tukuna.

Duk wanda aka tura shi MRI, ya cire zobe da agogo, ya faɗi gaskiya idan ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, musamman ku masu walda, domin maganaɗisun ba ya wasa. Ni kwallin Juma'a da na sa ma sai da aka sa na wanke shi tas kafin na kwanta.