Jerin Gidajen Dutse na Birnin Aberdeen: Ginin Zamanin Biktoriya da Darajarsa a Yau

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarta, barkanku da zuwa. Batunmu a yau shi ne wani salon gini da aka yi a birnin Aberdeen, a arewa maso gabashin Sikotland, a zamanin Sarauniya Biktoriya wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, wato gidajen zama da aka jera manne da juna, bango ɗaya yana raba gida da gida, dukkansu an gina su da dutsen giranit. Dutse ne da muka sani, domin irinsa ne ya yi tsaunin Kufena da ke Zariya, kuma duk wanda ya taɓa ganin masu fasa shi ya san irin taurinsa.

Kaso mai yawa na dutsen da aka gina birnin da shi ya fito ne daga ramin haƙa na Rubislaw, wanda aka buɗe a wajen 1740, aka rufe a 1971, bayan zurfinsa ya kai kimanin mita 140. A yau ruwa ya cika shi. Dutsen launin toka ne, amma yana da ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, shi ya sa idan rana ta fito bayan an ɗauke ruwan sama sai bangon ya riƙa walƙiya, har mutanen garin ke yi masa kirari da birnin azurfa.

Taurin nan shi ne ya tsara kamannin gidajen. Giranit ba ya yarda da sassaƙa mai yawan kwana-kwana kamar yadda dutse mai taushi ke yi, saboda haka magina suka nemi kyau ta wata hanya: daidaiton tagogi da ƙofofi, da tsabtar layin da ke tsakanin tubali da tubali, da bambancin fuskar dutse, inda za a bar na ƙasa da kaushi, na sama kuma a goge shi ya yi sumul. Mai zanen gine-gine Archibald Simpson, wanda ya rasu a 1847, shi ya kafa wannan natsuwa a layuka irin su Bon Accord Crescent. Da zamani ya ci gaba, kuma aka samu injin tururi da ke yanka dutse da goge shi, sai ado ya ƙaru. Layin Rubislaw Terrace, wanda aka fara a 1852, ya isa misali: tagogi masu turowa waje domin ɗakin baƙi ya sami haske, saman bango mai hawa-hawa kamar matakala, rufin falalen dutse mai duhu, sannan lambu guda ɗaya a gaba wanda a da dukkan mazauna layin suke tarayya a kansa.

A ganina, darajar waɗannan gidaje tana cikin layin ne gaba ɗayansa. Mutum ɗaya ne ke mallakar gida, amma idon mai wucewa fuska ɗaya yake gani daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Idan mai gida ɗaya ya cire tagar katako mai zamewa sama da ƙasa ya sa ta roba mai kauri, ko ya rushe katangar gaba domin ya sami wurin ajiye mota, layin duka ne ya yi giɓi. Wannan ne dalilin da ya sa hukuma ta sanya da yawa daga cikinsu a rajistar gine-ginen tarihi, wadda a Sikotland take da matakai uku, A da B da C, ta kuma ayyana unguwanni irin na Albyn Place da Rubislaw a matsayin wuraren da ba a taɓa fuskar gini sai da izini.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya amma ba da sani ba. Giranit kusan ba ya shan ruwa, don haka laimar da ta shiga bango ba ta da mafita sai ta tsakanin duwatsu, inda magina na farko suka sa kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda ke barin danshi ya fita. Da aka zo aka riƙa cike wuraren da siminti, sai simintin ya tsattsage, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya koma ciki ya ruɓar da katakon da ke riƙe da bene da rufi. Dutsen yana nan daram, gidan kuwa yana lalacewa ta ciki. Haka kuma indararo guda da ya toshe da ganye zai iya jiƙa bangon maƙwabta biyu, tun da bangon nasu ne tare.

Tun bayan da harkar man fetur ta bunƙasa a Tekun Arewa, wanda birnin yake a gaɓarsa, a shekarun 1970, an mayar da gidaje da yawa na yammacin birnin ofisoshi, aka farfasa ɗakuna aka canja cikinsu. Da kasuwar mai ta faɗi daga 2014, wasu suka zama fanko, yanzu kuma ana mayar da wasu gidajen zama, abin da nake ganin ya fi dacewa da su. Sai dai duk wanda zai yi gyara yana fuskantar matsala guda: ramin Rubislaw a rufe yake, dutsen da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje kuma launinsa da ƙwayarsa daban ne. Saboda haka tsarin raya birnin ya tanadi cewa idan an rushe ginin giranit a sake amfani da duwatsunsa, kuma daga irin waɗannan tsofaffin tubala ne magina ke samun abin da za su yi faci da shi a bangon da ya lalace.