Jawabin Maraba ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jiha a Taron Shekara na Matasa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Kakakin Majalisar Dokokin Jiha, babban baƙonmu na yau. Mai girma Hakimi, uban taro. Malamanmu da iyayenmu maza da mata. 'Yan uwana matasa.

A madadin shugabanni da membobin wannan ƙungiya, ina yi wa mai girma Kakaki barka da zuwa da sannu da hanya. Mun san takardun gayyata ba sa yankewa a ofishinsa, saboda haka tattakin da ya yi da kansa, maimakon ya turo wakili, karamci ne da ba za mu manta ba.

Ranka ya daɗe, shigar matasa harkar siyasa ba baƙon abu ba ne a Arewa. Mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, akasarinsu samari ne. Hajiya Gambo Sawaba tana da shekara 17 ta shiga gwagwarmaya a Zariya, ta sha ɗauri tun lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, shi kuwa Ɗanmasanin Kano, Alhaji Maitama Sule, yana da shekara 30 ya zama minista a 1959. Waɗannan bayin Allah ba liƙa fosta suka yi ba, da su ake zama idan za a yanke shawara.

A zamaninmu doka ta yi nata ƙoƙarin. Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. An fara ganin amfaninsa, domin a 2023 Rukayat Shittu ta shiga majalisar dokokin Jihar Kwara tana da shekara 26. Yawa ma ba mu rasa shi ba: cikin mutum sama da miliyan 93 da hukumar zaɓe ta INEC ta yi wa rajista kafin wancan zaɓe, fiye da miliyan 37 'yan shekara 18 zuwa 34 ne.

Sai dai, ranka ya daɗe, an sassauta shekaru an bar kuɗi da tsaron ƙofa. A 2022 fom ɗin takarar majalisar wakilai ya kai naira miliyan 10 a APC, miliyan biyu da rabi a PDP, kuma ko da rangwamen da aka yi wa matasa, malamin firamare ko mai ɗinki a bakin kasuwa sai dai ya ji labari. Wanda ya samu ya saya a lokacin kuma sai ya tarar da deliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, suna jiransa, waɗanda sau da yawa an riga an gaya musu inda za su dangwala. Abin da ya rage wa matashi shi ne kujerar shugaban matasa, wadda a wasu wurare mai furfura ne a kanta, ko kuma aikin banga, inda ake ba shi ƙwaya da makami a watan zaɓe, a manta da shi washegarin rantsuwa.

Ba za mu ɗora laifin duka a kan manya ba, domin laifi tudu ne. Akwai ƙungiyoyin matasa da shugaba ke shafe shekara goma babu zaɓe, ma'aji ba ya karanta rahoton kuɗi, 'yan mata kuma sai ranar rabon abinci ake tunawa da su. Mu a nan mun yi wa kanmu gyara: wa'adin shugaba biyu ne kawai, ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, kuma ba a zartar da wata magana sai an ƙirga hannuwa, na maza da na mata.

Da wannan muke miƙa kokenmu. Muna roƙon a riƙa sanar da zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi da Hausa a gidajen rediyo, da isasshen lokaci, a kuma fito da wasu daga cikin zaman zuwa ƙananan hukumomi, domin kuɗin mota zuwa babban birnin jiha kaɗai ya isa ya hana matashin karkara faɗin albarkacin bakinsa. Idan kuma ƙudurin da ke gaban majalisa ya shafi makarantu ko sana'o'i ko shaye-shaye, muna fatan a kira wakilanmu gaban kwamiti tun ana tsara shi, a saurare su, a rubuta abin da suka faɗa.

Mun rubuta waɗannan buƙatu a takarda, sakatariyarmu za ta miƙa ta bayan an tashi. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Yanzu, da izinin uban taro, ina gayyatar mai girma Kakaki ya yi mana jawabi.