Amsoshin Tambayoyinku: Ko Sakkwato za ta iya yin arziki ba tare da yawan hayaƙi ba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan magana ɗaya suka zo, wato yadda yanki irin namu zai bunƙasa ba tare da ya cika sama da hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Huɗu na zaɓo daga ciki.

Ta farko daga wani dattijo ce, manomin albasa a Wurno. Ya ce: "Kullum ina jin ana cewa a rage hayaƙi. Mu da ba mu da masana'antu, wane hayaƙi za mu rage? Ko dai wata dabara ce ta hana talaka tashi?"

Baba, Allah ya ƙara girma, zarginku yana da tushe. Nahiyar Afirka kakaf abin da take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya ba. Sin da Amurka su ne kan gaba. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato abin da take fitarwa ba zai wuce abin da ake zuƙewa daga iska ba, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Amma ni ba zan ce ku damu da Glasgow ba. Jarkar fetur ɗinku zan tambaye ku.

Duk wanda ya bi ta fadamar Kwalkwalawa da sassafe lokacin rani ya ga abin da nake nufi. Manomi ne a kan babur, ya ɗaure jarkar fetur a baya da roba, injin ban ruwa a gaba. Ya sauka, ya zuba mai, ya ja igiya sau uku ko huɗu kafin injin ya kama, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe bakin rijiya. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar nan ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Albasa kuwa ba ta san an cire tallafi ba, ruwanta take so a kan lokaci. To hayaƙin nan da ke fita daga injin, Baba, kuɗinku ne ke tashi sama.

Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ba ya shan mai ko ɗigo. Faifan sola ne ke ba shi wuta, kuma lokacin da rana ta fi zafi, lokacin ne ya fi ƙarfi, daidai lokacin da shuka ta fi ƙishirwa. Rana kuwa Allah ya hore mana ita, a watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce maki 40. Matsalar injin ɗaya ce babba: kuɗin saye a tashi guda. Shi ya sa na fi ganin hikimar manoma biyar ko shida masu gonaki maƙwabta su haɗa kai su saya, ko a ba su bashi su biya bayan an kwashe amfani. Sai dai a kula, ruwan da ba a biya masa mai ba yana da daɗin ɓarnatarwa. Idan kowa ya bar injinsa yana zuba tun safe har la'asar, rijiyoyin fadama za su ja baya, a koma ana kuka.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwargida ce a Mabera. Ta ce ta koma dafa abinci da itace da gawayi saboda gas ya fi ƙarfinta, kuma ana ce mata tana kashe daji. Ta tambaya ko laifi take yi.

Hajiya, ba wanda zai ga laifin mace don ta ciyar da 'ya'yanta. Amma murhun duwatsu uku da muka gada yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, kaɗan ne ke shiga tukunya, hayaƙin kuma ya ƙare a idonki da ƙirjin yaron da ke goye. Akwai murhu mai tsimin itace, na laka ko na ƙarfe, wanda ke tattara wutar a ƙarƙashin tukunya. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, nan cikin garinmu, ta shafe shekaru tana aiki a kan irin waɗannan murahu da na'urorin busar da amfanin gona da hasken rana. Abin da ke ci min rai shi ne ilimin yana nan, maƙera suna nan, amma ba a haɗa su ba. Da an koya wa maƙeranmu da masu ginin tukwane ƙera murhun a kowace unguwa, da sana'a ta samu, itace ya yi auki.

Ta uku daga wani matashi ne ma'aikacin ƙaramar hukuma a Bodinga, kuma ita ce ta fi nauyi. Ya ce: "Idan shugaban ƙaramar hukuma yana son ya tsara irin wannan ci gaba, daga ina zai fara?"

Malam, ya fara da ƙirge, tun kafin ya kira taro a otal. A tura matasa gunduma-gunduma su rubuto: injinan ban ruwa nawa ne, injinan niƙa nawa, asibitocin karkara nawa ne ke karɓar haihuwa da tocila, rijiyoyin burtsatse nawa suka tsaya don babu man janareta, itacen da ake sayarwa a kasuwa daga wane daji yake fitowa. Wannan takarda ita za ta nuna inda kuɗin jama'a ke ƙonewa, kuma nan ne hayaƙin yake. Sai a ɗauki abu biyu ko uku a gama su, kada a ɗauki ashirin a bar su rabi da rabi.

Ƙofofi sun buɗe fiye da da. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Hukumar samar da wuta a karkara tana tallafa wa kafa ƙananan tashoshin sola a ƙauyuka da kasuwanni. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jiharmu na da guda 23. Amma duk wanda zai kafa sola, ya ware kuɗin gyara, ya horar da yaran garin. Mun sha ganin fitilun titi da suka haskaka wata shida, batir ya mutu, sandar ta zama wurin ɗaure akuya.

Kada kuma a manta da itatuwa, don Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, ya shafa. Dashe da biki da hoto ba ya raya bishiya idan babu mai ba ta ruwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna wata hanya tun shekarun 1980: manomi ya daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonarsa, ya zaɓi masu ƙarfi ya rage sauran, ya bar su su girma. Da haka miliyoyin hekta suka sake yin kore a Nijar. Gawo ma kun san halinsa, da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Wamakko: "Kamfanin siminti na Kalambaina fa?" Gaskiya ne, siminti na cikin manyan masu fitar da kabon, kusan kashi 8 cikin 100 na duniya, domin ko ba a lissafa man da ake ƙonawa ba, shi kansa dutsen farar ƙasa yana sakin iskar idan aka gasa shi. Ba wanda ke cewa a rufe, dubban mutane ke ci daga nan. Ragewar tana hannun masu kamfani da hukumomin da ke sa ido: irin makamashin da ake gasawa da shi, da kuma tace ƙurar da ke sauka a kan maƙwabta. Mutanen yankin suna da haƙƙin su tambaya a ba su amsa.

Akwai wasiƙu biyu daga 'yan kabu-kabu a kan babur mai aiki da batir, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi. Mu kwana lafiya.