Magungunan da ke kwantar da sojojin jiki, tun daga dekisa ta kan tire har allurar da ke kwana cikin firigo

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi ƴar ƙwayar ga da ke tafin hannuna, ko ƙwayar wake ba ta kai ba, kuma na san da yawa cikinku kun taɓa ganinta ko da ba ku riƙe sunanta ba. Dekisametazon kenan, mu dai dekisa muke ce mata. Kwanan baya wata yarinya ta shigo farmasi nan Tawa da irinta ƙulle cikin leda, ta ce yaya don Allah duba mini ko kuna da irin wagga, ta wajen mai tire ta ƙare. Na ce mi ke damunki? Ta ce ai lahiyata lau, bikina ne ya matso, gwaggo ta ce in ɗan ciko. Wata uku tana sha kullum. Na kalle ta, fuska ta yi zagaye kamar faranti, bayan wuya ya yi tozo, amma hannuwa da ƙafafu sun tsotse, ga wasu jajayen zane a damtsenta kamar na mai ciki. Ita murna take wai ta yi ƙiba.

To abin da take sha ɗin nan yana cikin dangin magungunan da aikinsu shi ne su kwantar da garkuwar jiki, kuma yau su za mu buɗe tun daga ita mai arhar har wanda kuɗin allura guda sai an sai da sa.

Jikinka yana da masu gadi, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke ce ma sojojin jiki. Akwai ƙwayoyin T, su ne masu bincike da ba da oda, akwai ƙwayoyin B masu ƙera makami da ake ce ma antikor, kuma duk suna aika ma juna saƙo da wasu ƙananan sinadarai, ku riƙe sunan guda biyu don za mu dawo kansu, TNF da IL-2. To mi zai sa mutum da hankalinsa ya kwantar da masu tsaronsa? Wani lokaci karen gida ne ke haukacewa ya koma cizon masu gida, kamar a ciwon lupus, ko ciwon gaɓoɓin nan da ke kumbura yatsu ya lanƙwashe su mutum ya tashi da safe ko kofi bai iya riƙewa, ko wasu cututtukan ƙoda da na hanji. Wani lokacin kuma an yi ma mutum dashen ƙoda ne, sojojin sun ga baƙuwa, su ba ruwansu da cewa ta ƙanenka ce uwa ɗaya uba ɗaya, faɗa mata za su yi. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, Hasan da Usaini dai, jikin bai gane baƙuwa ce ba.

Mu fara da dangin kortizon tunda su ne a kasuwarmu. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da ke fitar da sinadarin kortizol, ta fi fitar da shi da sassafe, shi ke riƙe maka hawan jini da sukari in ka shiga wahala ko ciwo. A 1948 wani likita Philip Hench ya ba wata mata mai ciwon gaɓoɓi kortizon, matar da ba ta iya tashi daga gado cikin kwanaki kaɗan ta miƙe tana yawo, a 1950 sunka samu kyautar Nobel shi da wasu masana biyu. Prednizon, prednizolon, betametazon, dekisa, duk ƴan gida ɗaya ne. Suna shiga har cikin ƙwayar halitta su rufe bakin umarnin da ke sa a ƙera saƙonnin kumburi, kusan dukkansu a lokaci guda, shi ya sa suke aiki kamar tsafi. Ni ba na zaginsu wallahi, mai asma da numfashi ya sarƙe ma ya san darajarsu, kuma a 2020 lokacin korona bincike a Ingila ya nuna dekisa ta rage mutuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi. Amma ku san ƙarfinta, dekisa ta ninka kortizol na jikinka wajen sau 25, miligiram 0.75 nata daidai yake da miligiram 5 na prednizon.

Ƙibar da take sawa kuma ruwa ne da gishiri da kitse da anka kwashe daga gaɓoɓi anka tara a fuska da ciki, naman jiki kuwa narkewa yake. Sai sukari ya hau, tansiyo ya hau, ƙashi ya yi rauni, ido ya yi yana, ƙurji ya ƙi warkewa. Man bilicin ma da yawa akwai klobetazol ko betametazon ciki, kuma yana ratsa fata ya shiga jini, ba a saman fata kaɗai yake tsayawa ba.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Yarinyar nan ban ce mata ta yar da ledar ba. In ka wuce kamar sati uku kana shan kortizon kullum, ƴar tsokar nan ta saman ƙoda sai ta ga ana kawowa daga waje ta kwanta barci, ranar da ka yanke kwatsam jikinka ba shi da nasa ba shi da na saye, sai amai, kasala, jiri, jini ya faɗi ƙasa, kuma ana mutuwa ta haka. A hankali ake saukowa, likita ke tsara yadda za a riƙa ragewa har tsokar ta farka. Takarda na rubuta mata na ce gobe da safe ki kai ma likita, ki tafi da ledar, kar ki ɓoye masa komi.

Sai masu dashe. Maganin da ya canza labarinsu daga ƙasa ya fito, ƙasar da muke takawa. Siklosporin daga wata funfuna anka same shi cikin ƙasar da anka ɗebo a Norwe, Amurka ta amince da shi a 1983. Takrolimus kuma daga ƙwayar bakteriya ta ƙasar gindin dutsen Tsukuba a Japan, an gano shi a 1984, yanzu shi anka fi ba masu dashen ƙoda. Dukkansu hanya ɗaya suke bi, suna toshe wani sinadari mai suna kalsinerin cikin ƙwayar T, in anka toshe shi ƙwayar ba ta iya fitar da IL-2, wato ta ga baƙo amma ba ta iya buga gangar kiran ƴan uwanta. Abin dariya da ban haushi, maganin da ke tsaron sabuwar ƙoda shi kansa in ya yi yawa ƙodar yake ci. Kaɗan ya rage jiki ya ƙi ƙodar, kaɗan ya ƙaru ya ƙone ta, shi ya sa ake awon jini, kuma ana ɗibar jinin ne da safe KAFIN ka sha na safen, in ka sha sannan ka je labo ka ɓata kuɗinka. Mafi yawa awa 12 tsakani ake shansa, don haka maganar azumi sai an zauna da likita tun Sha'aban, balle in ya faɗo cikin zafin Afirilu da Mayu da muke yi nan Adar, jiki ya bushe ƙoda guda ce kuma ta aro.

Kuma takrolimus ba ya son kishiya. Rifampisin, maganin tarin fukan nan mai sa fitsari ya yi ja, yana sa hanta ta cinye takrolimus da sauri har ya zama kamar ba ka sha ba. Lemun pampalamus akasin haka yake, yana hana a narkar da shi ya taru. Diklofenak da ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa in baya ya riƙe, su kuma ƙodar suke ƙara shaƙewa. Balle jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san mi ke ciki. Ana haɗa takrolimus da mikofenolat ko azatiyoprin, su aikinsu hana sojojin hayayyafa, mikofenolat yana lalata halittar jariri a ciki, azatiyoprin kuma in ya gamu da allopurinol maganin ciwon gaɓoɓin nan gut yana iya kashe ɓargo.

Metotreksat, wanga kam zan ɗaga murya. Ga masu ciwon gaɓoɓi da ciwon fata SAU ƊAYA A SATI ake shansa, sau ɗaya, ka zaɓi rana misali Juma'a ka rubuta a jikin kwalin da babban baƙi. An sha rasa mutane a duniya don sun ɗauka kullum ne kamar sauran magani, baki ya fashe, jini ya ƙare. Ana haɗa shi da asid folik a wata rana daban, mai ciki ba ta shan metotreksat, kuma kar a haɗa shi da kotrimoksazol, Bactrim ɗin nan da kowa ke saye in ciki ya ɓaci.

To yanzu na zamani, biyolojik. Duk waɗanda munka lissafa kamar ka kashe kuran unguwa duka ne don gida ɗaya ya dame ka da kiɗa. A 1975 a Kambirij ta Ingila Georges Köhler da César Milstein sunka gano yadda za a ƙera antikor iri ɗaya tak, mai kama abu ɗaya tak, da yawa yadda ake so. Daga nan anka samu magungunan da sunansu ke ƙarewa da mab. Rituksimab, 1997, yana kama wata alama CD20 a jikin ƙwayoyin B ya share su. Infliksimab 1998 da adalimumab 2002 su TNF suke cafkewa kafin saƙon ya isa. Tosilizumab yana toshe inda wani saƙon mai suna IL-6 ke sauka. Akwai ma waɗanda ke aikin baibai, su cire ma sojojin birki don su faɗa ma kansa, wanga sai wani bidiyon. Dukansu furotin ne, in ka haɗiye ciki zai narkar da su kamar nama, shi ya sa ba ƙwaya, sai allura ƙarƙashin fata ko ƙarin ruwa ta jijiya.

Mutane suna jin an ce yana kama abu ɗaya sai su ɗauka ba shi da haɗari. Tambayi abin da TNF ke yi tukuna. Mutane da yawa cikinmu sun taɓa shaƙar ƙwayar tarin fuka, ba su tari ba su rama, saboda jiki ya gina mata ɗan kurkuku cikin huhu ya kewaye ta da sojoji shekara da shekaru, kuma TNF shi ne simintin ginin ga. Ka cire shi, bango ya zube, fursuna ya fito, wani lokaci ba ma a huhu kaɗai ba, har ƙashi da ƙwaƙwalwa. Haka ciwon hanta epatit B, wanda ya yi yawa a yankinmu kuma mutum na iya ɗauke da shi tun yana goye bai sani ba, rituksimab na iya tada shi har hanta ta tsaya, ko ga wanda anka ce ya warke. Akwai kuma wata tsutsar hanji da ke shiga ta tafin ƙafa, angilul, tana zaune shiru shekaru, ka ba mutum kortizon mai yawa ta bazu jiki duka, alhali ivermektin kaɗan kafin a fara zai iya raba gardama. Don haka in likita ya ce sai an yi hoton ƙirji, awon tarin fuka, awon epatit B da C da sida kafin allurar farko, ba neman kuɗinka yake ba. Ni a ganina a ƙasa irin tamu awon nan ya fi allurar kanta muhimmanci, kuma in wani ya ce zai yi maka ita ba tare da su ba, ɗauki takalminka.

Sannan mai shan irin magungunan ga zazzaɓinsa ba na jira ba ne, kortizon na ɓoye zafin jiki, ciwo ya yi nisa mutum yana jin ɗan kasala kawai. Ranar da ka ji ba daidai ba ranar za ka je, a yi awon palu da sauran su, kuma ka faɗi abin da kake sha tun a bakin ƙofa. Rigakafi masu ƙwayar cuta mai rai, irin na shawara da ake nema a ba ka katin tafiya da na ƙyanda, ba a yi maka su kana kan magani, in za a yi sai kafin a fara, kuma uwar da anka yi ma infliksimab tana da ciki ta gaya ma ungozoma kafin a yi ma jaririn BCG.

Sai ajiyar alluran biyolojik. Digiri 2 zuwa 8 suke so, cikin firigo, ba sashen ƙanƙara ba, in ta daskare ta mutu ko da ta narke ta koma kamar ba komi. Wanda ya karɓo tasa a Yamai zai hau bis ya yi kilomita fiye da 500 ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni kafin ya iso Tawa, to ya samu gilasiyar, ya naɗe kwalin da tsumma kar ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, ya riƙe ta a ƙafarsa cikin mota kar a jefa ta ƙasa cikin kaya. In an iso a sa ta tsakiyar firigo ba jikin ƙofa ba, a jera gorunan ruwa masu sanyi kewaye da ita, in kuran ya yanke su za su riƙe sanyin, kuma a hana yara buɗewa suna neman ruwan sha. Kafin a yi allurar a ɗaga ta a haske, in anka ga ta yi gudaji ko ta canza launi a maido mana ita farmasi mu duba.